SHARHI: Albashin Naira 70,000 Ya Tsaya A Ƙofar Ofis, Wace Doka Ke Kare Yaron Shago A Birnin Kudu Da Gwaram?

A watan Oktoban 2024 ne Gwamnan Jihar Jigawa, Malam Umar Namadi, ya amince da biyan Naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi ga ma'aikatan jihar, wata uku bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa sabuwar dokar hannu a ranar 29 ga Yulin shekarar. Labarin ya karaɗe gidajen rediyo da shafukan sada zumunta, ma'aikatan gwamnati kuma suka duƙufa lissafin abin da zai ƙaru a kan albashinsu.

A garin Birnin Kudu, a bakin ƙofar ofisoshin gwamnati wannan albishir ya tsaya. Duk wanda ya fito daga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ya shiga cikin gari zai tarar da wani rukunin ma'aikata daban: yarinyar da ke jiran kemis tun safe har bayan isha'i, saurayin da ke kwana a gaban tanderun gidan burodi, mai zuba fetur a bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri, da malamar da ke koyarwa a makarantar kuɗi. Dukkansu a ƙarƙashin wani suke aiki, ana biyan su wata-wata ko mako-mako. Amma maigidan da ke biyan su ƙasa da Naira 70,000, ko da rubu'inta ne, bai karya dokar mafi ƙarancin albashi ba, muddin ma'aikatansa ba su kai mutum 25 ba. Dokar ce da kanta ta ware su.

Wannan wariya ta haifar da wata fahimta da ta fi ta illa. Masu ƙananan sana'o'i da dama, har ma da yaran da ke yi musu aiki, sun ɗauka cewa tunda dokar albashi ba ta hau kansu ba, to babu wata dokar ƙwadago da ta shafe su. Ba haka abin yake ba. Akwai haƙƙoƙi rubutattu da suka hau kan mai ma'aikaci ɗaya tak, kuma mafi yawansu ba sa cin kuɗi mai yawa. Ya kamata a san inda katangar ta tsaya da abin da ya rage a bayanta, musamman da yake a 2027 ne za a sake zama kan batun albashin, shekarar da 'yan siyasa ke dawowa neman ƙuri'a.

Inda dokar ta ja layi

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Afrilun 2019. Gyaran da aka yi mata a 2024 abu biyu ya fi taɓawa: ya ɗaga adadin daga Naira 30,000 zuwa 70,000, ya kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara biyar zuwa uku. Sashe na 4, wanda ya jera waɗanda dokar ba ta shafa ba, yana nan yadda yake.

Waɗanda sashen ya ware sun haɗa da wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin 'yan sa'o'i wanda bai kai cikakken mako ba, da waɗanda ake biya da kamasho ko jinga, da masu aikin da ke zuwa da lokacinsa kamar ƙwadagon gona, sai ma'aikatan jiragen ruwa da na sama.

Idan aka ajiye na ƙarshen a gefe, sauran huɗun kamar an zauna ne an zana yadda ake neman abinci a kudancin Jigawa. Ƙwadagon noma da girbi a ƙauyukan Gwaram aikin damina ne da kaka. Masu dako da masu lodi a kasuwar Sara da yawan buhun da suka ɗauka ake biyan su. Mai fasa dutse da yawan abin da ya tara ake auna ladansa, haka ma matan da ke gyaran riɗi ko zoɓo. Gidan burodi, injin casar shinkafa, wurin haɗa ruwan leda, garejin kanikawa, shagon tela da wurin walda kuwa, da wuya a samu wanda ya tara mutum 25 a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Wannan layi mutane ne suka ja shi, kuma an taɓa matsar da shi. Lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar farko a 1981 da Naira 125 a wata, a kan ma'aikata 50 aka tsayar da iyakar. Haka ta zauna a ƙarin da aka yi a 2000 zamanin Obasanjo, da na Naira 18,000 a 2011 zamanin Jonathan. Sai a 2019 aka sauko da ita zuwa 25. Abin da aka taɓa matsarwa sau ɗaya, ana iya sake matsar da shi.

Mutum nawa ne ke bayan katangar?

Ƙididdigar hukuma ta nuna cewa waɗanda aka ware su ne mafi rinjaye. Rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, na 2024 sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na 'yan Najeriya masu aiki suna neman abincinsu ne a ɓangaren da ba ya cikin tsarin hukuma. Binciken da NBS ta yi tare da hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN, wanda aka fitar a kan shekarar 2021, ya ƙiyasta irin waɗannan sana'o'i sun kusa miliyan 40, kuma fiye da kashi 96 cikin 100 nasu ma'aikatansu ba su kai goma ba.

A Jigawa lamarin ya fi tsanani. Rahoton talauci ta fuskoki daban-daban da NBS ta fitar a 2022 ya sanya jihar cikin biyar da suka fi fama, da sama da kashi 84 cikin 100 na al'ummarta. Birnin Kudu da Gwaram kuwa suna cikin ƙananan hukumomi mafi yawan jama'a a jihar. Tun a ƙidayar 2006 Birnin Kudu ta haura mutum 300,000, Gwaram kuma ta haura 270,000. Manyan wuraren da ke ɗaukar ma'aikata da yawa a yankin, irin su asibitin tarayya da kwalejin koyon aikin jinya da sakatariyoyin ƙananan hukumomi da makarantun gwamnati, galibinsu na gwamnati ne. Matashin da ya gama sakandare a Kangire ko Basirka bai samu gurbi a cikinsu ba, abin da ya rage masa shi ne shagon wani, ko gona, ko ya kama hanyar Kano ko Abuja ko Legas cirani.

A inda masu neman aiki suka yi wa guraben aiki yawa haka, maigida ne ke yanke farashi. Yaron da ya ce kuɗin sun yi masa kaɗan ya san akwai mutum goma a bayansa da za su karɓa da godiya. Irin wannan wuri shi ne ainihin inda ake buƙatar doka ta sa ƙasan da ba a wucewa, kuma shi ne inda dokar ta janye hannunta.

Kujerar da babu kowa a kanta

Yadda aka kai ga Naira 70,000 ya bayyana dalilin da ya sa ba a taɓa sashe na 4 ba. A ƙarshen Janairun 2024 aka ƙaddamar da kwamitin ɓangarori uku mai mutum 37 a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Bukar Goni Aji, wanda ya ƙunshi wakilan gwamnati, da na ƙungiyoyin ƙwadago, da na kamfanoni masu zaman kansu. Ƙungiyoyin NLC da TUC sun fara da neman Naira 615,000, suka sauko zuwa 494,000, sannan 250,000. Gwamnati ta fara daga 48,000 ta hau zuwa 62,000. A ranar 3 ga Yuni ma'aikata suka shiga yajin aikin da ya kai ga kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa. A tsakiyar Yuli aka daidaita a fadar shugaban ƙasa.

Duk tsawon wannan taƙaddama, a kan adadi aka yi ta kai ruwa rana. Tambayar wane ne zai ci moriyar adadin ba ta samu irin wannan kulawa ba. Dalilin a fili yake. Ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago yana cikin ma'aikatan gwamnati da manyan kamfanoni, waɗanda ake cirar kuɗin ƙungiya daga albashinsu kowane wata. Yaron gidan burodi a Gwaram ba ɗan ƙungiya ba ne, ba ya iya rufe ofis, ba ya iya kashe wuta. Babu wanda ya zauna a teburin da sunansa.

Amma tsadar rayuwar da ta haifar da ƙarin ba ta ware shi ba. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 1,000 a ƙarshen 2024. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar. Ko ma wanda ya samu Naira 70,000 ɗin bai koma inda yake a da ba: Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin Dalar Amurka 200, ita kuwa 70,000 ba ta kai Dala 50 ba a ranar da aka sanya mata hannu. Dattawan da suka ga zamanin kuɗin Udoji a 1975 suna tuna yadda ƙarin albashin ma'aikata ya zo tare da hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin 100. Mai awo a kasuwa ba ya tambayar mai saye ko yana cikin waɗanda aka yi wa ƙari kafin ya faɗi kuɗin kwanon masara.

Lissafin maigida

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin mafi yawan masu ƙananan sana'o'i a yankin ba attajirai ba ne. Da yawansu tazarar da ke tsakaninsu da yaransu ba ta wuce ta jarin shago ɗaya ba.

A ɗauki misalin wata makarantar kuɗi mai ɗalibai 300, kowanne yana biyan Naira 10,000 a zangon karatu. Idan duk iyaye sun biya, abin da ba kasafai yake faruwa ba, makarantar za ta tara Naira miliyan 9 a shekara. Idan tana da malamai 12 kuma aka ce lallai kowanne ya karɓi Naira 70,000, albashi kaɗai zai ci Naira miliyan 10 da dubu 80. Ba a zo kan kuɗin haya da alli da gyaran rufi ba. Mai makarantar zai zaɓi ɗaya cikin uku: ya ninka kuɗin makaranta iyaye su kwashe 'ya'yansu, ko ya rage malamai ya cusa yara 60 a aji, ko ya rufe. Babu ɗaya daga cikinsu da ya amfani malamar da ake so a taimaka wa.

Don haka wanda ya ce a soke sashe na 4 dare ɗaya, a ɗora Naira 70,000 a kan kowane shago daga Legas har Fagam, bai yi lissafi ba. Sai dai tsarin da ake da shi yanzu ma yana da tasa illar ga kasuwanci. Mai injin casa da ke da ma'aikata 24, yana biyan kowanne Naira 30,000, albashinsa na wata Naira 720,000 ne. Ranar da ya ɗauki mutum na 25, doka ta mayar da shi Naira miliyan 1 da dubu 750. Ƙarin mutum ɗaya ya ninka masa nauyi fiye da sau biyu. Mai irin wannan lissafi zai gwammace ya tsaya a 24, ko ya kira sauran 'yan jinga, ko ya raba sana'ar gida biyu da sunaye daban-daban. Ta haka dokar ke hukunta wanda ya yi ƙoƙarin bunƙasa, ta ƙyale wanda ya ɓoye.

Haƙƙoƙin da ba su da katanga

A nan ne aka fi yi wa doka gurguwar fahimta. Iyakar mutum 25 ta dokar albashi ce kaɗai. Dokar Ƙwadago, wadda ta samo asali tun mulkin Janar Yakubu Gowon a farkon shekarun 1970, ba ta sanya irin wannan iyaka ba. Ta shafi duk mai aikin ƙarfi ko aikin akawu, da baki aka ɗauke shi ko a rubuce. Waɗanda ta cire sun haɗa da iyalan maigida, da masu riƙe da muƙamin shugabanci ko aikin ƙwararru, waɗanda su yarjejeniyarsu ce ke kare su a gaban kotu.

Sashe na 7 ya wajabta wa maigida ya bai wa ma'aikaci takarda cikin wata uku da fara aiki, mai ɗauke da irin aikin, da adadin lada da lokacin biyansa, da sa'o'in aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Sashe na 15 ya hana a bar albashi ya wuce wata ɗaya ba a biya ba. Sashe na 13 ya ba ma'aikaci hutun aƙalla sa'a ɗaya idan aikin yini ya kai sa'a shida, da kwana ɗaya cur a cikin kowane kwana bakwai. Wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun aƙalla kwana shida da cikakken albashi, da kuma har kwana 12 na rashin lafiya a shekara idan likita ya tabbatar.

Mace mai juna biyu tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, sannan rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Kora ma tana da ƙa'ida a sashe na 11: sanarwar kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama.

Akwai kuma batun yanke albashi, wanda masu zuba mai da yaran POS da masu jiran kanti suka fi sani. Sashe na 5 ya hana maigida cin ma'aikaci tara daga albashinsa. Ko da asara ce ta auku saboda sakaci ko ganganci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago za a cire wani abu, kuma jimillar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Maigidan da ya ga giɓi a lissafin yini ya riƙe albashin wata gaba ɗaya, ya taka doka, ko da ma'aikaci ɗaya gare shi.

Hatta koyon sana'a, wanda a ƙasar Hausa ake yi bisa amana tsakanin uban yaro da maigida, dokar ta ce a rubuta shi, jami'in ƙwadago ya shaida, kuma kada ya wuce shekara biyar. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin a nan ake samun ƙorafin da ya fi ciwo: saurayi ya shafe ƙuruciyarsa a gareji ko shago yana karɓar kuɗin abinci kawai, bisa alkawarin za a yaye shi da jari, sai saɓani ya gifta daf da lokacin, ya tashi a tutar babu.

Sai Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda ta shafi kowane mai ɗaukar aiki, ta kuma ambaci masu koyon sana'a da waɗanda ke ɓangaren da ba na hukuma ba. Abin da take buƙata shi ne maigida ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF. Mai yara biyar da ke biyan kowanne Naira 30,000, Naira 1,500 ce ta hau kansa a wata. Da ita ne idan bel ɗin inji ya cinye hannun yaro, ko tanderu ya ƙona shi, asusun zai ɗauki nauyin magani da diyya. Idan babu rajista, abin da aka saba gani shi ne maigida ya biya kuɗin asibiti na kwanakin farko, a ce ƙaddara ce, nakasar kuma ta zauna wa yaro da iyayensa har abada.

Me ya sa ba a bin su?

Dalili na farko shi ne hurumi. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya harkar ƙwadago, har da tsayar da mafi ƙarancin albashi, cikin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Majalisar Dokokin Jigawa ba za ta iya kafa dokar albashi ga gidajen burodin jihar ba. Sa ido kuma aikin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne, wadda ofishinta na jiha ke da alhakin ƙananan hukumomi 27.

Na biyu shi ne kotu. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron ƙararrakin aiki. Kotu ce ta manyan birane irin su Kano da Bauchi. Wanda ke bin albashin wata biyu da bai wuce Naira 40,000 ba, kuɗin mota da na lauya za su cinye abin da yake nema tun kafin a fara zama. Tarar da tsohuwar Dokar Ƙwadago ta tanada kan wasu laifukan kuwa 'yan ɗaruruwan Naira ce, adadin da aka rubuta tun Naira na da daraja, wanda a yau ba ya tsorata kowa.

Na uku, kuma mafi zurfi, shi ne zumunci. A Birnin Kudu da Gwaram, maigida sau da yawa kawu ne, ko abokin mahaifi, ko maƙwabci. Ana kallon aikin a matsayin taimako, shi kuma neman takarda a matsayin rashin kunya. Wannan tsari yana da alherinsa: maigida na gari yakan yi wa yaronsa aure, ya kai shi asibiti, ya ba shi jari, abubuwan da babu dokar da ta tilasta masa. Matsalar ita ce komai ya rataya ne a kan halin mutum ɗaya. Idan ya rasu, ko kasuwa ta juya, ko ransa ya ɓaci, yaro ba shi da abin nunawa ga magada ko ga mai unguwa. Takarda ba ta rage amana da komai. Addinin da mafi yawan mutanen yankin ke bi ma ya yi umarni da rubuta bashi da gaggauta biyan lebura haƙƙinsa.

Yadda wasu suka warware

Najeriya ba ita kaɗai ke da tarin ƙananan sana'o'i ba, kuma wasu ƙasashen Afirka sun bi hanyoyin da ba su buƙaci a ware mafi yawan ma'aikata ba. Ghana a kan yini take tsayar da nata mafi ƙarancin ladan, abin da ya sa ana iya auna shi a kan ɗan ƙwadago. Afirka ta Kudu ta fara da Rand 20 a kowace sa'a a Janairun 2019, ta sanya ma'aikatan gona da 'yan aikin gida a kan adadi mai sauƙi da farko, sannan ta ɗaga su a hankali har suka daidaita da sauran cikin 'yan shekaru. Ta kuma bai wa maigidan da ya nuna littattafansa ba za su ɗauka ba damar neman ɗan sassauci na wani lokaci. Kenya ta bambanta adadin tsakanin manyan birane da matsakaitan garuruwa da karkara, da kuma tsakanin sana'o'i.

Masu tsoron cewa duk wani ƙarin lada yana kashe guraben aiki suna da amsa a binciken David Card da Alan Krueger na 1994, wanda ya duba ƙarin da aka yi a jihar New Jersey ta Amurka daga Dala 4.25 zuwa 5.05 a sa'a, bai ga raguwar ma'aikata a gidajen abinci ba. Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Sai dai ƙarin da suka duba bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Darasin shi ne kasuwa tana iya haɗiye ƙari mai tafiya mataki-mataki.

Da Naira 70,000 za a raba ta ga kwanakin aiki 26, kusan Naira 2,700 ce a yini. Adadi irin wannan, na yini ko na sa'a, mai rangwame ga karkara da ƙananan wurare, shi ne abin da mai dako a Sara da mai injin niƙa a Babaldu za su iya fahimta su kuma yi ciniki a kansa. Najeriya ma tana da tsohuwar dokar hukumomin tsayar da lada ta 1973, wadda ta ba Ministan Ƙwadago ikon kafa hukuma ta musamman ga duk sana'ar da ladanta ya yi ƙasa fiye da kima. Tana nan a cikin kundin dokokin ƙasa, ba a jin ɗuriyarta.

Abin da ke hannunmu kafin 2027

Rashin hurumin yin dokar albashi bai ɗaure hannun gwamnatin jiha gaba ɗaya ba. Ita ke ba makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu izinin aiki, ita ke bayar da kwangila. Tana iya sanya takardar ɗaukar aiki da shaidar rajista da NSITF cikin sharuɗɗan sabunta izini ko shiga neman kwangila, ba tare da ta shiga gonar Majalisar Tarayya ba.

Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram ma suna da ƙofa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ba su ikon kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Jami'in da ke zuwa karɓar kuɗin shiga a kowace shekara yana iya zuwa da takarda mai shafi ɗaya da Hausa, da boko da ajami, wadda maigida da yaronsa za su cike: suna, aiki, lada, ranar biya, ranar hutu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu burodi da na teloli da na kanikawa, waɗanda dama su ke sasanta rikicin 'ya'yansu, suna iya amincewa da ƙasan lada na sana'arsu, su riƙe kwafin takardun. Wanda aka danne wa haƙƙi kuma yana iya kai kuka ga Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ko Hukumar Bayar da Tallafin Shari'a, waɗanda ba sa karɓar kuɗi.

Babban gyaran dai yana Abuja. Mazaɓar Birnin Kudu da Buji tana da kujera a Majalisar Wakilai, Gwaram tana da tata, Jigawa ta Kudu maso Yamma tana da sanata. Su ne za su kaɗa ƙuri'a a kan dokar da za ta biyo bayan zaman 2027. Matasan da ke cika tarukan siyasa da shafukan Facebook da muhawara kan wanda zai tsaya takara, da yawansu su ne yaran shagunan da ake magana a kansu, ko ƙannensu ne. Idan masu neman waɗannan kujeru suka zo, akwai tambayoyin da suka fi ta rabon babura da kekunan ɗinki amfani. Shin za su goyi bayan a sauko da iyakar mutum 25 mataki-mataki? Za su nemi a tsayar da ladan yini ga 'yan jinga da ƙwadagon gona? Za su nemi a sabunta tarar Dokar Ƙwadago, a kuma samar da hanya mai sauƙi ta sauraron ƙananan ƙararrakin albashi kusa da jama'a?

Kafin a samu amsa daga Abuja, duk wanda ya yi wata uku yana aiki a ƙarƙashin wani a Birnin Kudu ko Gwaram yana da haƙƙin ya nemi takardarsa, kuma doka ta wajabta a ba shi.